Yadda muke haɗa bandejin miki daga ɓawon jatan lande da ciyawar teku

Kafin mu taɓa sikeli, tambaya ɗaya muke fara warwarewa: wane irin miki za a rufe, kuma yaya yawan ruwan da yake fitarwa? Lafiyayyar fata tana sakin tururin ruwa kusan giram 200 a kowace murabba'in mita a kwana guda. Mikin da jan nama ya fara tsirowa a cikinsa yana iya sakin fiye da giram 5,000. Idan bandeji ya bar ruwan ya tsere da yawa, mikin ya bushe ya yi ɓawo, sabbin ƙwayoyin fata kuma sai sun nutsa ƙarƙashin ɓawon kafin su sami hanyar wucewa. Idan ya riƙe ruwan fiye da kima, fatar gefen mikin ta jiƙe, ta yi fari fat, ta fara saɓulewa, mikin ya ƙara faɗi. Tun a 1962 George Winter ya nuna a fatar alade cewa raunin da aka rufe da leda ya zauna da danshinsa yana samun sabuwar fata da saurin da ya kusa ninka na wanda aka bar wa iska. Daga wannan binciken ne bandejin zamani ya samo tushe.

Wanda muke haɗawa mai hawa biyu ne, an yi shi domin miki mai zubar ruwa sosai: gyambon ƙafa, mikin doguwar kwanciya, da gurbin da likita ya yanki fata don dasawa a wani wuri. Hawan da ke taɓa mikin soso ne na aljinet, sinadarin da ake tatsa daga ciyawar teku mai launin ƙasa-ƙasa irin su Laminaria da Macrocystis. Hawan sama kuma siririyar leda ce ta kaitosan, wanda ake fitarwa daga ɓawon jatan lande ko na ƙaguwa. Soso ya sha ruwa ya zama jel mai laushi, leda ta tare datti da ƙwayoyin cuta daga waje, ta kuma daidaita yawan tururin da ke fita.

Aljinet saye muke yi, mai takardar shaidar tsarki, domin tace shi har ya kai matsayin da za a ɗora a buɗaɗɗen nama aiki ne na masana'anta. Kaitosan kuwa ana iya fitar da shi a ɗakin gwaje-gwaje, kuma duk mai son fahimtar halinsa ya kamata ya bi hanyar da hannunsa.

Busasshen ɓawon jatan lande abu uku ne a cakuɗe: alli, wato kalsiyam kabonet, furotin, da kaitin, wanda shi kaɗai muke nema, kuma bai cika wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyin ba. Muna wanke ɓawon tas, mu cire duk guntun nama, mu busar a digiri 60 na ma'aunin Salshiyas, mu niƙa, mu tankaɗe har tsakinsa ya koma kusan milimita 1. Girman tsakin yana da tasiri. Manyan guntaye sinadari ba ya kai wa cikinsu, gari mai laushi ainun kuma yana toshe matata, rabinsa ya bi ruwan wanki.

Alli muke fara cirewa. Ga giram 100 na garin muna haɗa lita ɗaya da rabi na asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfin mola 1, wato kusan mililita 83 na ɗanyen asid a kowace lita. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a taɓa zuba ruwa cikin asid ba. Garin kuma kaɗan-kaɗan ake barbaɗa shi a mazubin da ya ninka yawan ruwan sau uku, saboda kumfa tana tasowa nan take, idan mazubin ya yi ƙarami sai ta malalo. A zafin ɗaki ake yi, ana juyawa, awa biyu zuwa huɗu. Da kumfar ta daina fitowa, aikin ya ƙare. Masu barin sa ya kwana a asid wai don ya ƙara tsarki suna cutar kansu, domin asid yana datsa sarƙar kaitin, kuma gajeriyar sarƙa ba ta ba da leda mai ƙwari. Sai wanki da tataccen ruwa har takardar gwaji ta nuna pH 7, wato ruwan ya zama tsaka-tsaki, ba asid ba alkali.

Furotin kostik soda ke cire shi: giram 40 a lita, digiri 70 zuwa 80, awa biyu zuwa uku. Ruwan zai yi duhu ya yi wari. Muna zubarwa mu sake sabo har ya fito kusan garau. A nan ba a rowar lokaci, domin furotin ɗin da ya rage shi ne hatsari ga wanda jininsa ba ya karɓar jatan lande da ƙaguwa. Kaitin da kansa ba shi ne ke tayar da borin jini ba, furotin ɗin naman dabbar ne, musamman wanda ake kira turofomayosin. Abin da ya rage bayan wannan mataki shi ne kaitin, fari mai ɗan ja-ja. Wanki da barasar itanol yana ɗauke sauran launin.

Kaitin ba ya narkewa a ruwa ko a asid mai sauƙi, saboda haka ba a iya zuba shi a faranti. Sai an ɓalle masa rukunan asetil da ke maƙale a jikin sarƙar, sannan ya zama kaitosan. Wannan shi ne mataki mafi hatsari a duk aikin: kostik soda kashi 50 cikin 100, digiri 100 zuwa 110, awa biyu zuwa uku, mililita 15 ga kowane giram na kaitin. Soda mai wannan ƙarfi tana cin gilashi a hankali, tana cin alminiyam da gaggawa har ta fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, ɗigo ɗaya a ido kuma yana iya makantarwa. Tukunyar baƙin ƙarfe marar tsatsa muke amfani da ita, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da garkuwar fuska da safar hannu mai kauri. Mun fi son a yi zagaye biyu gajeru, a wanke a tsakani, a kan zagaye ɗaya mai tsawo, domin hakan yana ɓalle asetil da yawa ba tare da ragargaza sarƙar ba. Idan akwai iskar naitirojin a hura ta a saman tukunyar, tunda iskar oksijin tana taimaka wa soda wajen datsa sarƙa.

Gwajin farko mai sauƙi ne. A zuba giram 1 a mililita 100 na asid ɗin asetik kashi 1 cikin 100. Idan ya narke ya ba da ruwa mai yauƙi, garau, an samu. Idan akwai tsaki-tsaki yana yawo, asetil bai fita sosai ba, a koma tukunya. Bayan haka sai a auna adadin asetil ɗin da ya fita, ta hanyar ɗiga alkali ana bin sauyin pH ko da na'urar hasken infrared. Muna neman kashi 80 zuwa 90 cikin 100. Toka kuma, idan an ƙone samfuri, kada ta kai kashi 1. Kowane zubi sai an auna shi daban, domin ɓawo yana bambanta daga dabba zuwa dabba, daga wani lokacin shekara zuwa wani, kuma wannan ce babbar matsalar duk kayan da aka samo daga halitta. Zubin da bai yi daidai da na baya ba, ledarsa ma ba za ta yi daidai ba.

Ledar kanta ba ta da wuyar zubawa, wuyar tana bayan ta bushe. Muna narkar da giram 1.5 na kaitosan a mililita 100 na asid ɗin asetik kashi 1, a bar shi yana juyawa ya kwana, a tace, sannan a ajiye har ƙananan kumfofin iska su fita, ko a zuƙe su da famfo. Duk kumfar da ta rage huda ce a leda, huda kuma ƙofar ƙwayoyin cuta ce. Mililita 25 a faranti mai faɗin santimita 9 yana ba da leda mai kaurin kusan maikuron 50 (maikuron dubu ne milimita ɗaya). Farantin roba ake so, domin kaitosan yana manne wa gilashi, ba ya ɓamɓaruwa sai a yage. A daidaita teburin da awon ruwa kafin a zuba, in ba haka ba gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Busarwa a digiri 37 zuwa 40, kwana ɗaya zuwa biyu. Zafin da ya wuce haka yana sa ledar ta yi rawaya ta tsattsage.

Ledar da ta fito daga farantin tana da kyan gani, amma ba ta isa ta hau miki ba. Har yanzu gishirin asid ce. Da ta sami ruwa za ta kumbura ta narke, asid ɗin da ke cikinta kuma ya yi wa marar lafiya raɗaɗi. Sai an jiƙa ta a kostik soda mai ƙarfin mola 1 na minti 30, sannan a yi ta wanki har ruwan ya tsaya a pH 7 kuma ya zauna a nan bayan ledar ta ɗan jima a ciki. A auna ruwan da ta jiƙa a cikinsa, ba wanda aka watsa mata a sama ba, domin soda tana ɓuya a ciki tana fitowa a hankali.

Ga wani abu da ke ruɗa masu farawa. Kaitosan zalla idan ya bushe yana da gautsi, saboda haka ake sa masa gilisarin, kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa. Galibi tun a ruwan zubi ake sa shi. To amma gilisarin yana narkewa a ruwa, wankin soda kuma yana kwashe shi, sai ledar ta fito da gautsinta kamar ba a taɓa sa mata komai ba. Shi ya sa muke mayar da shi ƙarshe: bayan wanki sai mu jiƙa ledar a ruwan gilisarin kashi 5 zuwa 10 cikin 100, mu tsane ta, mu danne gefunanta kada ta naɗe. Idan ya yi yawa ledar ta yi danƙo, ta riƙa shan danshin iska tun tana cikin kunshinta.

Za a iya tambaya me ya sa ba kaitosan ɗin ne ke taɓa mikin ba, alhali shi ne aka sani da tsayar da jini da kashe ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne yana da wannan hali, amma halin ya dogara ne da cajin lantarki na fozitif da yake ɗauka idan pH ya yi ƙasa da kusan 6.5. Da wannan cajin yake jawo jajayen ƙwayoyin jini masu cajin negetif su dunƙule, da shi kuma yake lalata bangon bakteriya. Bandejin HemCon da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi a 2002, wanda sojojin ƙasar suka yi amfani da shi wajen tsayar da jini a fagen daga, a matsayin gishirin asid yake aiki. Idan aka wanke asid ɗin, aka kuma ɗora kaitosan a tsohon gyambo wanda ruwansa yakan karkata zuwa alkali, yawancin cajin ya tafi. A ganina kuskure ne a riƙa tallata irin wannan leda da sunan mai kashe ƙwayoyin cuta. Katanga ce mai kyau, kuma wannan aikin kaɗai ya isa a yi ta dominsa.

Aljinet, wanda wani masanin sinadarai ɗan Birtaniya mai suna Stanford ya fara fitarwa a 1881, sarƙa ce mai ɓangarori iri biyu da ake kira G da M. Kalsiyam yana shiga tsakanin ɓangarorin G na sarƙoƙi biyu ya zauna daram kamar ƙwai a cikin kiret, ta haka ruwan ke zama jel. Aljinet mai G da yawa yana ba da jel mai tauri wanda ake ɗagawa daga miki a dunƙule. Mai M da yawa yana ba da jel mai laushi wanda sai an ɗauraye shi da ruwan gishiri. Ga miki mai zurfi ko mai lungu mun fi son mai G, domin ma'aikaciyar jinya ta tabbata ta fitar da duk abin da ta saka. A kan miki, sodiyam na ruwan jiki yana musanya da kalsiyam na soson, soson ya yi laushi ya kwanta daidai da siffar mikin, ba ya kuma manne wa sabon nama. Kalsiyam ɗin da ya fita yana ɗan taimakawa wajen daskarar jini.

Hanyar da kowa ke fara gwadawa don yin jel ɗin ita ce zuba ruwan kalsiyam kulorayid a kan aljinet. Sakamakon ba ya kyau: sama ta daskare nan take ta yi fata mai tauri, ciki ya zauna ruwa, faifan ya motse ya karkace. Mu ta ciki muke sa kalsiyam ɗin ya fito. A narkar da giram 2 na sodiyam aljinet a mililita 100 na ruwa, ana barbaɗawa a hankali a kan ruwan da ke juyawa da ƙarfi, don idan aka juye shi gaba ɗaya sai ya yi gudaji masu busasshen ciki. A zuba giram 0.15 na lallausan garin kalsiyam kabonet, wanda ba ya narkewa a wannan hali, a juya har ya bazu ko'ina. A ƙarshe a zuba giram 0.53 na sinadarin GDL (glucono-delta-lactone) da aka narkar yanzu-yanzu a ɗan ruwa. GDL yana rikiɗa ya zama asid sannu a hankali, asid ɗin ya narkar da allin, kalsiyam ya fito a ko'ina lokaci guda, jel ya kama bai ɗaya. Mola biyu na GDL ga mola ɗaya na alli shi ke sa pH ya tsaya kusa da tsaka-tsaki. Bayan an zuba GDL, mintuna kaɗan gare ka ka juye a faranti. Kuma kada a narkar da shi tun da wuri, domin yana fara zama asid tun yana cikin kofinsa.

Kada kuma a yi tunanin cakuɗa kaitosan da aljinet a kofi ɗaya. Ɗaya fozitif ne, ɗaya negetif, suna haɗuwa za su kama juna su yi zare-zare da dunƙule-dunƙule marasa zubuwa. Wannan kamun ne muke amfani da shi wajen manna hawa biyun. Muna shimfiɗa ledar a ƙasan faranti, mu shafa wa fuskarta asid ɗin asetik mai rauni ƙwarai, kashi 0.1 cikin 100, don a farfaɗo da cajin samanta kawai, sannan mu zuba aljinet a kai, kaurin milimita 3 zuwa 4. A rufe farantin ya kwana. Rufewar wajibi ce, domin idan saman jel ɗin ya sha iska zai yi fata, kuma wannan fuskar ce za ta kalli miki. Dalilin sa ledar a ƙasa shi ne busarwa, domin daskarar da jel ɗin ake yi ya zama ƙanƙara sannan a busar da shi ya koma soso: tururi ta sama yake fita, idan leda ta rufe saman sai ta tare shi, ƙanƙarar ta narke a ciki, soson ya rushe.

Ramukan soso ƙanƙara ce ke zana su. Duk inda ƙwayar ƙanƙara ta zauna, nan rami zai kasance bayan ta tafi. Daskarwa a hankali a digiri 20 ƙasa da sifiri tana ba da manyan ƙwayoyi, saboda haka manyan ramuka masu shan ruwa da sauri, amma soson ba ya da ƙarfi sosai. A digiri 80 ƙasa da sifiri ramukan sun fi ƙanƙanta. Ruwan naitirojin yana daskarwa da saurin da yakan fasa faifan jel ɗin. Muna ɗora farantin a kan faifan ƙarfe mai sanyi don ƙanƙarar ta taso daga ƙasa zuwa sama, ramukan su miƙe a tsaye. Irin wannan soso yana jan ruwa sama zuwa ga leda maimakon ya yaɗa shi gefe, kuma yaɗuwar gefe ita ce ke jiƙa lafiyayyar fatar da ke kewaye da miki. Daga firiza sai injin busarwa mai zuƙe iska, matsi kusan miliba 0.1, awa 48. A tafi da farantin da sauri, kada gefensa ya fara narkewa a hanya. Idan ka taɓa tsakiyar soson bayan an fitar ka ji sanyi, akwai sauran ƙanƙara, a mayar. Soson da ya yi daidai fari ne, marar nauyi, yana lanƙwasuwa ba ya karyewa. Wanda ya motse yana ƙyalli, ya narke ne a cikin inji.

Yanzu sai kashe ƙwayoyin cuta, kuma a nan ne samfura masu kyau da yawa suke faɗuwa. Tukunyar tururi a digiri 121 tana rusa soso, ta mayar da kaitosan ruwan ƙasa. Iskar etilin oksayid ba ta da zafi sosai, amma soso yana shanye ta, sai ya daɗe yana shan iska kafin ta fita, kuma idan ta tarar da kulorayid a jikin kayan tana haifar da wani guba mai wuyar fita. Wannan ma wani dalili ne na guje wa kalsiyam kulorayid. Hasken gamma, wanda aka saba bayarwa a kilogire 25 (ma'aunin yawan hasken da abu ya sha), yana ratsa kunshin da aka riga aka liƙe, amma yana datsa sarƙar kaitosan da ta aljinet duka. Shi muke zaɓa, da sharaɗin samfurin ya bushe ƙayau, an kuma liƙe shi a jakar alminiyam bayan an kore iskar ciki, domin danshi da oksijin suna ƙara ɓarnar hasken. Dokar da ba ma karyawa ita ce: duk gwajin da za a kafa hujja da shi, a kan samfurin da ya riga ya sha hasken ake yin sa. Awon da aka ɗauka kafin haka bayanin wani abu ne daban da wanda zai hau jikin mutum.

Akwai kuma abin da hasken ba ya taɓawa. Bakteriya idan ta mutu tana barin gubar bangonta, wato endotoksin, mai kawo zazzaɓi da kumburi. Aljinet marar tsarki an san shi da ɗauke da ita, kaitosan kuma yana kama ta saboda cajinsa, har yakan ɓoye ta daga gwaji. Iyakar da aka saba bi ga kayan da ke taɓa jini ita ce EU 20 (ma'aunin yawan endotoksin) a kowane samfuri. Ba a cire ta a ƙarshe, hana ta shiga ake yi tun daga farko: ruwa marar guba a wankin ƙarshe, kayan gilashin da aka gasa a digiri 250 na minti 30, kuma kada a bar jiƙaƙƙen kaitin ko ruwan aljinet ya yi kwanaki a zafin ɗaki. Kasancewar abu ya fito daga halitta ba shaidar cewa ba ya cutarwa ba ce.

Gwajin shan ruwa ba da tataccen ruwa ake yi ba, don ba shi ne ke fita daga miki ba. Ƙa'idar EN 13726, ta Turai kan gwajin bandeji, ta ba da ruwan gwaji mai giram 8.298 na gishirin sodiyam kulorayid da giram 0.368 na kalsiyam kulorayid a lita. A yanki santimita 5 sau 5, a auna, a jiƙa a ruwan da ya ninka nauyinsa sau 40, digiri 37, minti 30, a ɗaga da hantsaki ya ɗiga na daƙiƙa 30, a sake aunawa. Bandejin aljinet mai kyau yana shan ninki 15 zuwa 20 na nauyinsa. Muna ƙarawa da ɗora masa nauyi bayan ya sha, domin gyambon ƙafa galibi ana ɗaure shi da bandejin matsi, soson da ke amayar da ruwa idan an danne shi kuwa ba shi da amfani a wurin. Ruwan gwaji mai fosfet a guje masa, yana ƙwace kalsiyam ya narkar da jel ɗin, sai a zaci samfurin ne ya lalace.

Fitar tururi ana auna ta da kofi mai bakin murabba'in santimita 10, a zuba ruwan gwaji, a ɗaure samfurin a baki, a ajiye a digiri 37 cikin busasshiyar iska, a auna nauyin da ya ragu. A yi shi a tsaye, a kuma yi shi a kife inda ruwan ke taɓa samfurin, don sakamakon biyun yakan sha bamban. Adadin da aka fi ambata ga miki mai zubar ruwa shi ne giram 2,000 zuwa 2,500 a murabba'in mita a kwana. Kaurin leda shi ne abin da muke juyawa: a ƙara shi tururi ya ragu, a rage shi ya ƙaru. Ƙwarin ja kuma a jiƙe ake auna shi, tunda a jiƙe za a cire bandejin, a duba kuma ko hawa biyun suna rabuwa.

A gwajin bakteriya, da Staphylococcus aureus da Pseudomonas aeruginosa muke aiki. Hanyar ɗora guntu a faranti a duba da'irar da ta kewaye shi tana yaudara. Kaitosan ba ya yaɗuwa cikin faranti, saboda haka idan an ga babbar da'ira, sau da yawa sauran asid ne da ba a wanke ba. Ƙidayar bakteriyar da ta rayu bayan ta taɓa samfurin kai tsaye ita ce mai gaskiya.

Gwajin guba ga ƙwayoyin halitta yana bin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 10993-5. Ana jiƙa samfurin a ruwan rainon ƙwayoyi na awa 24 a digiri 37, a zuba ruwan a kan ƙwayoyin L929, wato ƙwayoyin halittar ɓera da ake raino a ɗakin gwaji, idan waɗanda suka rayu sun gaza kashi 70 cikin 100 samfurin ya faɗi. Soso yana shanye ruwan jiƙon, don haka sai an fara ƙosar da shi sannan a ƙara adadin da ƙa'ida ta ce. Idan aka faɗi, wurin da za a fara dubawa shi ne wanki: sauran soda, sauran asid, ko gilisarin da ya yi yawa. Wannan gwajin ne ya sa muka nisanci sinadarin gulutaraldehayid, duk da yana ƙarfafa leda ƙwarai. Idan dole sai an ƙarfafa ta, jenifin da ake samu daga 'ya'yan itacen Gardenia ya fi sauƙin guba nesa ba kusa ba, sai dai yana rina ledar shuɗi mai duhu. Bayan wannan akwai gwajin fashewar ƙwayoyin jini, inda ake son ƙasa da kashi 2 cikin 100, da na ƙaiƙayin fata da na borin jini.

Gwaji a jikin dabba ba ya farawa sai kwamitin kula da ɗa'ar bincike ya amince. Ɓera yana rufe rauni ne galibi ta hanyar tsukewar fata, mutum kuwa ta tsirowar nama da sabuwar fata, saboda haka sai an ɗinka zoben silikon a kewayen raunin ya hana tsukewar, in ba haka ba kowane bandeji zai yi kama da mai abin mamaki. Fatar alade ta fi kusa da ta mutum. A kwatanta da bandejin aljinet da ke kasuwa, ba da busasshiyar auduga kaɗai ba, domin kusan komai yana doke auduga. Tsawon ajiya kuma ana hasashensa da zafi: a lissafin ƙa'idar gwaji ta ASTM F1980, kwana 46 a digiri 55 yana tsaya wa shekara guda a digiri 25, amma kayan halitta masu gilisarin suna iya canzawa a wannan zafi ta hanyar da ba za su canza a shago ba, don haka muna ajiye wasu a zafin ɗaki suna tafiya tare.

Kafin ya kai ga jikin mutum sai hukumar kula da magunguna da kayan asibiti ta ƙasar ta ba da izini, kuma takardar da za ta raka shi tana buƙatar kulawa daidai da samfurin. A rubuta ƙarara cewa ba a sa shi a busasshen miki ko mai baƙin mataccen nama, domin babu ruwan da zai mayar da shi jel, sai ya manne ya ƙara busar da wurin. Ba a sa shi a ƙuna mai zurfi da ta cinye fata duka, ba kuma shi ne maganin jini mai tsartuwa ba. A faɗi cewa an yi shi da ɓawon jatan lande. A yanka shi daidai da girman mikin, a canza idan ruwa ya kusa kai gefe, idan ya kama a jiƙa shi da ruwan gishiri kafin a ɗaga. A kuma sanar da ma'aikatan jinya cewa jel ɗin aljinet idan ya sha ruwan miki yakan yi launin rawaya-rawaya mai kama da mugunya, har da ɗan wari, saboda haka a wanke mikin tukuna, a duba ja, zafi, kumburi da ƙaruwar ciwo, kafin a yanke cewa ya harbu.